Tukuicin ƙwazo a kamfanonin gwamnati: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa jiran a gyara taransifomar unguwarsu, ko ya yi sintiri a ofishin hukumar ruwa, ya san amsar da ake ba shi idan ya yi ƙorafi: ai aikin gwamnati ne. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ma'aikata, manajoji da 'yan ƙungiyar ƙwadago suka fi yi idan zancen lada da ƙwazo ya taso a kamfanonin da gwamnati ta mallaka, irin su NNPC, hukumar jiragen ƙasa, TCN mai dakon wutar lantarki, hukumomin ruwa na jihohi, ko NIGELEC mai wutar lantarki da SONIDEP mai man fetur a Nijar.

Wane irin lada ake magana a kai? Ba albashi ba ne?

Albashi haƙƙi ne, ana biyansa saboda mutum yana bakin aiki. Abin da ake magana a kai shi ne duk wani abu da wanda ya yi ƙoƙari zai samu, wanda bai yi ba ya rasa: kuɗin ƙarshen shekara, wani kaso na abin da aka tara, ƙarin girma, zuwa kwas, gidan kwata, canjin wurin aiki zuwa inda mutum yake so, ko takardar yabo. Idan kowa yana samun abu, da mai zuwa ƙarfe takwas da mai zuwa bayan azahar, wannan abin ya zama albashi, ko da wane suna aka lulluɓe shi. Yawancin alawus-alawus na kamfanoninmu haka suke.

To idan aka ƙara wa ma'aikata albashi, ba za su ƙara ƙwazo ba?

Najeriya ta gwada wannan da girma. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa kwamitin Jerome Udoji don ya duba aikin gwamnati, ya miƙa rahotonsa a 1974. Rahoton ya zo da abu biyu. Na farko ƙarin albashi. Na biyu sabon salon aiki, inda za a riƙa gindaya wa kowane sashe abin da ake so ya cimma, a kuma auna shi a kai. Gwamnati ta ɗauki na farko da hannu biyu, ta biya har da ariyas na watanni, na biyun kuwa aka bar shi a takarda. Tsofaffi har yau suna tuna shekarar Udoji da sababbin babura da rediyo. Suna kuma tuna yadda kaya suka yi tsada, don a 1975 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Ba a ga wutar NEPA ta ƙara tsayawa saboda Udoji ba.

Wannan ba hujja ba ce ta a bar ma'aikaci da yunwa. Mutumin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata zai nemi wata hanya, ko acaba da yamma, ko na goro a bakin aiki. Da aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a Yulin 2024, farashin kaya yana hawa da fiye da kashi 30 cikin 100 a shekara, saboda haka ƙarin bai wuce cike giɓi ba. Albashi mai kyau yana hana ƙwararru guduwa, yana kuma rage wa mutum uzurin karɓar cin hanci. Amma shi kaɗai ba ya bambanta mai ƙwazo da rago, tunda su biyun ne suka sami ƙarin.

Me ya sa tsarin da ke aiki a banki ko kamfanin siminti ba ya aiki a kamfanin gwamnati?

Saboda a can akwai mai dukiya da ke jin zafin asara a aljihunsa. Wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Hangari, János Kornai, ya shafe shekaru yana nazarin masana'antun gwamnati a ƙasashen gurguzu, ya kuma nuna cewa matsalarsu ta asali ita ce sun san ba za a bar su su mutu ba. In sun yi asara gwamnati za ta cike, ko ta yafe bashi, ko ta ɗage haraji. Manajan da ya san haka ba shi da dalilin ɓata wa kowa rai don a rage ɓarna.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Kaduna. A 2020 NNPC ya wallafa binciken asusunsa a karon farko. A ciki aka ga matatar man Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, mai ƙarfin tace ganga 110,000 a rana, ba ta shigar da ko kwabo ba a 2018, amma ta yi asarar kimanin Naira biliyan 64, kuma an ci gaba da biyan albashi da alawus. Ba laifin injiniyan da ke wurin ba ne cewa ba a kawo ɗanyen mai ba, ko ba a yi gyaran da ya kamata ba. Amma a irin wannan wuri, a kan me za a ba shi tukuici? Babu abin aunawa.

Sai kuma yawan iyayen gida. Kamfanin ɗan kasuwa riba yake nema. Na gwamnati ana so ya yi riba, ya sayar da araha, ya kai layi ƙauyen da ba zai taɓa biyan kuɗin waya ba, ya ɗauki ma'aikata daga kowace jiha bisa tsarin raba-daidai, ya kuma saurari minista. Duk wanda ya gaza a ɗaya zai ce ɗayan ne ya hana shi, kuma sau da yawa gaskiya yake faɗa. Ko kuɗin da za a raba ma ba a hannun kamfanin yake ba: dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta ce hukumomin da ta lissafa su riƙe kashi ɗaya bisa biyar na rarar da suka samu, su zuba sauran a baitulmali. Manaja mai wayo ya san hanyar da ta fi sauƙi ita ce kada rarar ta bayyana.

Akwai kamfanin gwamnati da tukuici ya gyara shi da gaske?

Akwai, kuma biyu daga cikin fitattun misalan hukumomin ruwa ne, ba a ƙasashe masu arziki ba.

A Yuganda, hukumar ruwa ta ƙasa, NWSC, ta kai ga ana shirin miƙa ta ga 'yan kasuwa a ƙarshen shekarun 1990. Kusan rabin ruwan da take tacewa yana ɓacewa ba tare da an biya kuɗinsa ba, ga bashi, ga ma'aikata fiye da ƙima. A 1998 aka naɗa William Muhairwe shugabanta. Ya fara da wani shiri na kwana 100 a 1999, daga nan ya koma ƙulla yarjejeniya a rubuce tsakanin hedikwata da manajan kowane gari. Yarjejeniyar tana faɗin adadin sababbin gidajen da za a ja wa famfo, yawan kuɗin da za a karɓo, da yawan ruwan da za a daina asara. Aka ba manajan ikon kashe kuɗin gudanarwa da tsara aikin mutanensa ba tare da ya jira Kampala ba. Garin da ya cika alkawari, ma'aikatansa suna samun ƙari a kan albashi. Ana kuma bayyana sakamakon kowane gari kowa ya gani, har abin ya zama gasa. Cikin shekara goma gidajen da ke da famfo suka tashi daga kimanin 50,000 zuwa fiye da 200,000, asarar ruwa ta sauko zuwa kusan kashi ɗaya bisa uku, hukumar kuma ba a sayar da ita ba. Dole a faɗi ɗaya gefen: an rage ma'aikata da yawa a wannan tsakanin.

Na biyun a Kambodiya ne. Da Ek Sonn Chan ya karɓi hukumar ruwan birnin Phnom Penh a 1993, kashi 72 cikin 100 na ruwan yana zurarewa ko ana sace shi, kuma ma'aikatan hukumar da kansu ne ke ja wa mutane famfo ta bayan fage. Ya ɗaga albashi sosai, ya ɗaura wani kaso na abin da mai karɓar kuɗi zai samu a kan abin da ya karɓo, ya ɗaga matasa masu ilimi sama da tsofaffin da suka saba da tsohon hali, ya sa mita a ko'ina, ya kuma matsa wa manya, har da hafsoshin soja, su biya kuɗin ruwa. Kafin 2010 asarar ta koma wajen kashi 6 cikin 100.

A wuraren nan biyu tukuicin bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da mita, wato abin aunawa da ba ya ƙarya. Ya zo da 'yancin manaja. Ya zo kuma da shugaban da 'yan siyasa suka bari ya daɗe, don Muhairwe ya yi shekara goma sha uku a kujerar. Wanda ya kwafi tsarin rabon kuɗin ya bar sauran ukun, kuɗi kawai zai raba.

An ce haka Sin ta yi da masana'antunta. Gaskiya ne?

Da sauran magana. A zamanin juyin al'adu na Mao Zedong an soke tukuici a masana'antun Sin, ana ganinsa ɗabi'ar jari-hujja. A 1978 aka dawo da shi, aka kuma fara barin masana'antu su riƙe wani ɓangare na ribarsu, gwajin da ya soma a lardin Sichuan. Wasu masana huɗu, cikinsu har da Theodore Groves da Barry Naughton, sun bi bayanan masana'antu 769 daga 1980 zuwa 1989, suka ga cewa inda kason tukuici a cikin abin da ma'aikaci ke ɗauka ya ƙaru, aikin da ake fitarwa ma ya ƙaru. Sai dai manajoji da yawa sun riƙa raba kuɗin daidai wa daida don a zauna lafiya, har wasu masana'antun da ke asara suna rabawa, sai da gwamnati ta sa haraji a kan tukuicin da ya wuce ƙima a 1984. Asarar kamfanonin ba ta tsaya ba, kuma a ƙarshen shekarun 1990, zamanin Firaminista Zhu Rongji, an sallami miliyoyin ma'aikata.

An taɓa yin irin wannan bincike a Najeriya?

An yi, kuma sakamakonsa ya ba mutane da yawa mamaki. Imran Rasul da Daniel Rogger sun duba ayyuka kimanin 4,700 da hukumomin gwamnatin tarayya 63 suka ɗauka, irin su rijiyoyin burtsatse, madatsun ruwa, gine-gine da hanyoyi, waɗanda injiniyoyi masu zaman kansu suka je suka gani da ido. Kashi 38 cikin 100 na ayyukan ko farawa ba a yi ba. Da suka haɗa wannan da yadda ake tafiyar da kowace hukuma, sai suka ga inda ake ba ma'aikaci 'yancin yanke shawara a kan aikinsa, an fi kammala ayyuka. Inda kuma aka fi tsananta sa ido da ɗaura lada a kan ma'auni, an fi barin ayyuka a hanya. An buga binciken a 2018.

Hukumomin gwamnati ne suka duba, ba kamfanoni ba, amma darasin ya shafe su. Aikin injiniyan madatsar ruwa ba ya aunuwa da lamba ɗaya. Idan aka ce za a auna shi, abin da ke da sauƙin ƙirgawa ake kamawa: ya cika fom, ya halarci taro, ya miƙa rahoto a kan lokaci. Shi kuma sai ya mai da hankali can, ya bar madatsar. Ga kuma wanda ke riƙe da alƙalamin ba da maki. In shi ne ke yanke wanda ya yi ƙwazo, ba tare da wani abin da kowa zai iya dubawa ba, ƙwazon zai koma gaishe da oga da rakiyar oga biki.

Abin da na fahimta daga haɗa wannan da labarin Yuganda shi ne, aiki iri biyu ne. Akwai wanda ake ƙirga shi: mita nawa aka karanta, fashewar bututu nawa aka toshe, tikiti nawa aka sayar. A nan tukuici yana ci. Akwai kuma aikin tunani da tsarawa, wanda sakamakonsa sai bayan shekaru. A nan abin da ya fi amfani shi ne a ɗauki wanda ya iya, a biya shi da kyau, a sakar masa mara.

Tukuici zai iya jawo ɓarna?

Ƙwarai. A lardin Punjab na Pakistan an yi gwaji da masu karɓar harajin gidaje: wasu aka ce za su sami kaso daga ƙarin da suka tara, wasu aka bar su yadda suke. Masu binciken, Adnan Khan, Asim Khwaja da Benjamin Olken, sun ga kuɗin shiga ya ƙaru da sauri a yankunan da ake ba da kason. Amma sun ga wani abu kuma. Ƙarin ya fito ne daga gidaje 'yan kaɗan da aka sake yi wa ƙima, sauran masu gidajen kuwa cin hancin da suke bayarwa ne ya hau. Dalilin a fili yake: jami'in da yanzu zai yi asarar kasonsa idan ya rufe ido, sai ya ɗaga farashin rufe idon.

Mu ma mun san irin wannan. Idan aka gindaya wa ma'aikacin kamfanin wuta adadin kuɗin da zai kawo a wata, a unguwar da babu mita, hanya mafi sauƙi ita ce bil na ƙiyasi ya kumbura a kan waɗanda aka san suna biya. Lambar za ta cika, jama'a kuma su ƙara tsanar kamfanin, wasu su koma satar wuta. Shi ya sa ba a ɗaura lada a kan lamba ɗaya tilo. In za a ba da tukuici a kan kuɗin da aka tara, a haɗa da yawan ƙorafin da aka warware da yawan mitocin da aka kafa.

Akwai kuma tukuicin da ba kamfani ne ke bayarwa ba. Bayan buɗe jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a 2016, cuwa-cuwar tikiti ta zama ruwan dare, har aka koma sayar da shi ta intanet a farkon 2021. Muddin abin da mutum zai samu ta bayan taga ya ninka abin da kamfani zai ba shi don ya yi gaskiya, babu takardar yabon da za ta yi gogayya da shi. Toshe kafar ne farko.

Mutum ɗaya za a ba, ko sashe gaba ɗaya?

Ya danganta da wanda ke da iko a kan sakamakon. Mai karanta mita shi kaɗai yake yawonsa, ana iya auna shi shi kaɗai. Masu gyaran layin wuta kuwa tare suke fita da mota ɗaya da tsani ɗaya, in aka ware ɗaya aka ba shi, gobe sauran za su bar masa tsanin. Amma rukunin ya zama ƙarami, wanda kowa ya san wanda ke noƙewa. Tukuicin da aka ɗaura a kan ribar kamfani mai ma'aikata dubbai ba ya motsa kowa, don direba a Gusau ya san ƙoƙarinsa ba zai canza lissafin hedikwata ba.

Ai muna da fom ɗin APER na auna aikin ma'aikaci a shekara da jarrabawar ƙarin girma. Ba su isa ba?

Duk wanda ya taɓa cika fom ɗin ya san yadda ake yi. Ma'aikaci ya rubuta yabon kansa, ya kai wa shugabansa a ƙarshen shekara, ko ma lokacin da ƙarin girma ya matso a cika na shekara uku a zama ɗaya. Shugaban kuma ba ya so a ce shi ne ya tare wa wani abinci, sai ya ba kowa maki mai kyau. Ma'aunin da kowa ke cinyewa bai auna komai ba. Ofishin shugaban ma'aikatan tarayya ya amince da haka, shi ya sa a zamanin Folasade Yemi-Esan aka soma sauya shi da sabon tsarin da ke gindaya wa kowa abin da zai cimma tun farkon shekara.

Ƙarin girma shi ne tukuici mafi tsada a kamfanin gwamnati, don yana bin mutum har cikin fanshonsa. Idan shekaru ne kawai ke kawo shi, saƙon shi ne ka yi haƙuri kada ka yi laifi. Idan kuwa takarda daga wani babba ce ke kawo shi, saƙon ya fi muni. Matashin injiniya da ya ga an tsallake shi an ɗaga mai uwa a gindin murhu ba zai yi zanga-zanga ba. Zai rage gudu ne a hankali, ko ya tafi kamfanin sadarwa. Haka NITEL, hukumar tarho ta gwamnati, ta riƙa rasa mutanenta bayan shigowar wayar salula a 2001.

Lambar yabo da takardar jinjina suna da wani tasiri, ko sai kuɗi?

Suna da shi, da sharaɗi biyu. Na ɗaya, a san dalilin da ya sa aka ba wane, kuma abokan aikinsa su yarda ya cancanta. Na biyu, kada a ba mutum takarda alhali ana riƙe da alawus ɗinsa na wata shida, don zai ɗauke ta a matsayin raini. Gwamnatin tarayya tana da lambar yabo ta ƙwazon aiki da shugaban ƙasa ke bayarwa, amma mai gyaran bututu a Azare bai taɓa sa ran sunansa zai kai can ba. Abin da ke taɓa shi ya fi kusa: manaja ya ambaci sunansa a gaban jama'a, a tura shi kwas ɗin da aka saba tura 'yan ofis, a ba shi kayan aiki masu kyau. Ma'aikatan fili da yawa, in ka tambaye su, safar hannu da takalmin kariya da man mota za su fara ambata kafin kuɗin ƙarshen shekara.

Kamfanin jiragen saman Habasha, wanda gwamnati ce ta mallake shi ɗungurungum tun kafa shi a 1945, ya gina ƙarfinsa a kan irin wannan. Yana da makarantarsa ta horar da matuƙa da makanikai, shugabanninsa galibi daga cikin gida suke tasowa bayan shekaru suna aiki, kuma gwamnatocin ƙasar, har da mulkin soja na Derg, sun bar masu gudanarwa su yi aikinsu. Yaron da ya shiga yana ganin hanyar da zai bi ya kai sama.

Ina ruwan fansho da ƙwazon wanda ke bakin aiki?

Ma'aikaci yana kallon yadda aka yi da na gabansa. An rufe kamfanin jiragen saman Najeriya a 2003, ma'aikatansa suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa suka rasu ba su karɓa ba, sai a 2018 gwamnatin Muhammadu Buhari ta saki kimanin Naira biliyan 22 don biyan wani ɓangare. Wanda ya ga haka yana da shekara arba'in zai fara tanadin tsufansa tun yanzu, kuma ba lallai ta hanyar da kamfani zai so ba. Dokar fansho ta 2004, wadda aka gyara a 2014 ta zama ma'aikaci ya sa kashi 8 cikin 100 na albashinsa, kamfani ya sa kashi 10, ta rage wannan fargaba, in dai ana zuba kuɗin a asusun mutum a kan lokaci. Inda ake cirewa a albashi ba a zubawa, duk wani alkawarin tukuici ba mai gaskata shi.

Su kuma manyan manajoji fa? Ba a ɗaure su da yarjejeniya?

An sha gwadawa. Wani rahoton Bankin Duniya na 1995 ya duba kamfanonin gwamnati 12 a ƙasashe shida, cikinsu har da Gana da Senegal, waɗanda shugabanninsu suka sa hannu a yarjejeniyar cimma buri da gwamnati. Uku ne kawai aikinsu ya inganta a fili. Manajan ya fi ma'aikatar da ke kula da shi sanin cikin kamfanin, saboda haka yakan sa a rubuta burin da ya san zai cimma yana barci. Gwamnati ita ma ba ta cika nata alkawarin, ba ta biyan bashin wuta da ruwan da ofisoshinta suka sha, ba ta barin a gyara farashi.

Najeriya ta fi son ɗauko baƙi su riƙe. KLM ta Holand ta riƙe kamfanin jiragen saman Najeriya daga 1979, kamfanin RITES na Indiya ya riƙe jiragen ƙasa a wannan lokacin, Pentascope ya karɓi NITEL a 2003 aka kore shi a 2005, Manitoba Hydro na Kanada ya riƙe TCN daga 2012 zuwa 2016. Wasu sun ɗan gyara, wasu sun ɓata, amma ko waɗanda suka gyara, da suka tafi abubuwa sun koma gidan jiya, don dokokin da ke ɗaure hannun manaja ɗan ƙasa ba su canza ba. Kwatanta da kamfanin iskar gas na NLNG, inda gwamnati ta hannun NNPC ke da kashi 49 cikin 100, sauran na Shell da Total da Eni. 'Yan Najeriya ne ke aikin, kamfanin yana biyan gwamnati riba, domin minista ba ya iya aiko da jerin sunayen waɗanda za a ɗauka yadda ya ga dama.

Me ya sa ƙungiyoyin ƙwadago ke ƙin tsarin biya bisa ƙwazo?

Suna tsoron ya zama sanda a hannun shugaba, a hana wanda ya yi magana, a ba ɗan gaban goshi. Tsoron yana da tushe. Inda aka ci nasara, an zauna da ƙungiyar tun farko an amince da abin da za a auna, an liƙa sakamakon a bango, an kuma bar ƙofar ɗaukaka ƙara. Sannan ba a taɓa ainihin albashi ba, ƙari ne aka ɗora a sama.

Ba horo ne ya fi dacewa da ma'aikatan gwamnati ba? A kori malalata kawai.

Janar Murtala Muhammed ya yi haka a 1975, ya sallami ma'aikata fiye da 10,000, da yawa ta sanarwar rediyo, ba tare da an saurare su ba. Mutane sun yi ta tafi, ofisoshi sun cika da sassafe na ɗan lokaci. Amma tsofaffin ma'aikata da dama suna cewa daga nan ne aikin gwamnati ya daina zama abin dogaro, kowa ya koyi ya tara nasa kafin a kira sunansa. Horo yana da muhalli, kuma kamfanin da ba ya iya korar wanda aka kama da sata ba zai iya saka wa mai gaskiya ba. Sai dai ya bi ƙa'idar da aka sani tun kafin a yi laifin.

Yanzu da NNPC ya zama kamfani mai rajista, abin zai canza?

Dokar man fetur ta 2021 ta mai da shi kamfanin kasuwanci, aka ƙaddamar da shi a Yulin 2022, amma hannun jarin duka na gwamnati ne, kuma shugaban ƙasa ne ke naɗa shugabanninsa. Ma'aikatansa dama suna cikin waɗanda aka fi biya a ƙasar, don haka ƙarancin albashi bai taɓa zama matsalarsa ba. Abin da za a duba shi ne ko reshen da ya yi asara zai ji a jikinsa, ko kuma za a ci gaba da rufe shi da ribar wani reshen.

Ni shugaban ƙaramin sashe ne, ba ni da ikon taɓa albashin kowa. Me zan iya yi?

Abin da ke hannunka ya fi yadda kake zato. Kai ne ke rubuta sunan wanda zai je kwas, wanda zai fita aikin da ke da alawus na kwana, wanda zai riƙe sabuwar mota, wanda zai tafi hutu lokacin da ya nema. Waɗannan duka tukuici ne, kuma mutanenka suna lura da wanda ke samu. Zaɓi abu biyu ko uku da sashenka ke da iko a kansu, kamar kwana nawa ake ɗauka kafin a amsa ƙorafi ko a toshe fashewar bututu, ka rubuta su a allo kowane wata da sunan kowace tawaga. Ka faɗa tun farko cewa da wannan allon za a zaɓi masu zuwa kwas na gaba. Idan lokacin ya zo, takarda za ta zo daga sama da sunan wani wanda ba ya kan allon. Ka shirya amsar da za ka bayar tun yanzu, a rubuce, tare da lambobin wata shidan da suka wuce.